Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kiyaye Haɗurra Reshen Kaduna Kan Motoci Masu Ƙarfi Da Santsin Damina

Zuwa ga shugabanni da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, reshen Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da yi muku sannu da ƙoƙari, ni mai sana'ar gyaran wutar mota ne a nan cikin garin Kaduna, na shiga koyon aikin tun zamanin da Peugeot 504 take sarautar titi, kuma har gobe da wannan sana'a nake ciyar da iyalina. Na zaɓi in rubuto muku a fili, inda kowa zai karanta, domin maganar da ke bakina ta shafi masu motoci da direbobi da 'yan'uwana masu gyara kamar yadda ta shafe ku, sai dai ku ne masu bakin da idan ya yi magana a kan titi ake saurare. Maganar kuwa ta wata 'yar fitila ce mai ruwan ɗorawa da ke jikin dashbod ɗin yawancin motocin da ke yawo a garin nan yanzu, mai hoton mota da layuka biyu a murɗe a bayanta, wadda a cikin masu kawo mini aiki da wuya a sami wanda zai iya faɗin abin da take nufi, alhali a cikin damina rayuwar mutum tana iya rataya a kanta.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami ya faru ne a gidanmu a daminar da ta wuce. Ɗan ƙanena ya sayi wata Mercedes ta hannu wadda ƙarfin injinta yake zuwa tayoyin baya, bai fi wata biyu da ita ba, wata rana bayan sallar isha'i an yi ɗan yayyafi wanda bai ma isa ya wanke titi ba, ya zagayo wani shataletale, yana miƙe hanya ya taka totur kamar yadda ya saba, sai bayan motar ya fizge ya juyo gaba, ta daki kankaren tsakiyar titi ta tsaya tana kallon inda ta fito. Allah Ya kiyaye, babu kowa a gefen kuma shi ma bai ji ciwo ba. Da aka jawo mini motar na sa mata kwamfuta, sai na tarar wayar sansar da ke ƙirga juyawar ɗaya daga cikin tayoyin baya a tsinke take, kuma tsatsar da ke bakinta ta nuna ta daɗe a haka. Na kwance dashbod, na tarar an liƙe bayan fitilar gargaɗin da baƙin salatif domin kada mai saye ya ga tana ci. Tayoyin baya kuwa shekararsu 8 da ƙerawa. Yaron ya yi wata biyu yana tuƙa mota mai ƙarfin doki fiye da 200, yana zaton tana da mai tsaronta, ashe an kashe mai tsaron tun kafin ta zo hannunsa.

Ku gafarce ni in ɗan koma baya, domin tushen matsalar yana can. Mu da muka koyi tuƙi a garin da kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri tun 1975, mun tashi ne da motar da ƙarfinta yake wajen doki 100, kuma ko ka take totur har ƙasa sai ta yi tunani kafin ta amsa. Yau kuwa Toyota Camry mai silinda 6 ta 2007 zuwa 2011, wadda matasa suke kira Muscle, doki 268 ne a cikinta. Lexus ES350 da RX350 suna wannan sahun, haka ma Mercedes C350 da GLK350. Akwai C63 mai doki fiye da 450, akwai kuma Dodge Charger ɗin da ya haura 700. Yawancin waɗannan motoci sun zama ruwan dare a Ahmadu Bello Way da Ali Akilu da Isa Kaita, suna hannun ɗalibai da amare da direbobin gida waɗanda aka koya musu tuƙi da irin karatun da aka koya mana a kan 504. Ƙarfin mota ya ninka sau biyu ko sau uku, amma wurin da kowace taya take taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma duk ƙarfin nan ta wannan ɗan wuri yake bi ya isa ƙasa. Idan kwalta a bushe take, takan iya ɗaukar abin da aka ɗora mata. Idan ta jiƙe, riƙon yana raguwa ƙwarai, sai ƙarfin da ya yi wa tayar yawa ya sa ta riƙa juyawa a banza, tayar da ke juyawa a banza kuwa ba ta riƙe mota ta gefe.

Wannan ne ya sa masu ƙera motoci suka ƙirƙiro na'urar hana taya sulɓewa, wadda a jikin maɓallinta za a ga an rubuta TRAC ko TCS ko ASR, gwargwadon kamfanin da ya yi motar. Aikinta ba shi da wuyar fahimta. A jikin kowace ƙafar mota akwai sansa mai ƙirga saurin juyawar taya, ita ce dai wadda birkin ABS, mai hana taya ƙamewa idan an take birki da ƙarfi, yake amfani da ita. Kwamfutar motar tana kwatanta ƙirgen tayoyin huɗu a kowane lokaci, da zarar ta ga tayar da injin yake turawa ta fi sauran gudu, sai ta gane cewa ta rasa riƙo, nan take ta rage ƙarfin injin ko ta ɗan matsa wa wannan taya birki ita kaɗai, ko ta haɗa duka biyun, har tayar ta sake kama kwalta. Duk wannan yana faruwa kafin direba ya ankara. Abin da zai gani kawai shi ne fitilar nan tana ƙiftawa, ya kuma ji motar ta ɗan yi masa gardama. A nan ne rashin sani yake fara ɓarna, domin na sha karɓar mota daga hannun mai ita yana ƙorafin cewa idan ana ruwa ba ta jan wuta, yana so in cire masa abin da ke danne ta. Motar lafiyarta ƙalau, tana gaya masa ne cewa ƙafarsa ta yi nauyi a kan titin da ba zai ɗauka ba.

Akwai babbar yayarta kuma, wadda Mercedes suke kira ESP, Toyota da Lexus VSC, Honda VSA, BMW kuwa DSC. Kamfanin Bosch da Mercedes ne suka fara fitar da ita a 1995. Ita tana lura da inda direba ya murɗa sitiyari, tana kwatanta shi da inda motar ta nufa a zahiri, idan ta ga sun saɓa, wato gaban motar ya ƙi shan kwana ko bayanta ya fara fizgewa, sai ta kama birkin taya ɗaya tak daga cikin huɗun domin ta dawo da motar kan layinta. Babu direban da zai iya wannan da ƙafarsa, ko ya kai shekara 40 yana tuƙi, saboda feda ɗaya gare shi kuma tayoyin duka take kamawa. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano cewa wannan na'ura tana rage haɗarin mutuwa a haɗurran mota ɗaya, irin na kauce wa titi da wuntsilawa, da kusan rabi. Saboda irin wannan sakamako ne Amurka ta wajabta ta a kan duk sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai ma ta wajabta ta a kan duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, kusan duk motar Amurka ko ta Turai ta bayan waɗannan shekaru da aka shigo da ita ta Legas ko ta Kwatano, da na'urar ta baro masana'anta. Waɗanda suka girmi haka kuwa, wata tana da ita wata babu, ko da sunansu da shekararsu ɗaya ne, don haka mai saye yana bukatar ya duba da idonsa.

To, ina na'urar take tafiya bayan motar ta iso Kaduna? Abin da nake gani a wurin aikina shi ne, a hanyoyi da dama take mutuwa, kuma mafi yawansu a hannunmu ne. Mafi sauƙi shi ne maɓalli. Wani yaro ne yake danna shi lokacin wanke mota, wani kuma da gangan yake kashewa domin an gaya masa tana shan mai ko tana rage gudu, maganar da ba ta da tushe, tunda na'urar ba ta taɓa komai matuƙar tayoyi suna riƙe da titi. A motocin Toyota da yawa, dannawa sau ɗaya tana kashe TRAC kaɗai, riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙoƙi motar tana tsaye kuma yana kashe har da VSC. An sa maɓallin ne domin ranar da mota ta kafe a taɓo ko a yashi, kamar yadda yake faruwa a lungunan Rigasa da sababbin unguwannin bayan gari a watan Agusta, inda ake bukatar taya ta ɗan juya ta watsar da laka kafin ta fita. Da an hau kwalta aikin maɓallin ya ƙare, a mayar da ita.

Hanya ta biyu ta fi ba ni tsoro saboda yawanta. Mun mai da fitilar injin, wadda ake kira cek, tamkar adon dashbod, har ana raha cewa motar da ba ta kunna cek ba ba ta zama 'yar ƙasa ba tukuna. Abin da masu Toyota da Lexus da yawa ba su sani ba shi ne, a samfura masu yawa na waɗannan motoci, idan kwamfuta ta ga matsala a injin, ko da ta sansar hayaƙi ce, tana kashe VSC da TRAC gaba ɗaya, shi ya sa fitilun suke kamawa tare. Mutum zai yi shekara yana yawo da fitilu uku a kunne, yana cewa ai mota tana tafiya, bai san cewa a ranar ruwa shi kaɗai ne a cikinta ba. Ƙa'idar kuwa gajera ce, kuma da za a sa ta a bakin kowane mai neman lasisi da an taimaka: idan fitilar tana ƙiftawa, na'urar tana aiki ne, ka sassauta ƙafa, idan ta kama ta zauna, an kashe ta ko ta lalace, idan kuma an murɗa makulli ba ta kama ba sam tare da sauran fitilu kafin injin ya tashi, to a binciki wanda ya taɓa dashbod ɗin.

Ba zan ɓoye laifinmu ba, mu masu gyara. Ana canza boris ko a yi aikin ƙafa a tsinke wayar sansa a yi shiru. Ana sa boris ɗin da ba na motar ba, wanda ba shi da zoben da sansar take karantawa. Ana yin alayimen, wato daidaita ƙafafun mota, a manta cewa motoci da yawa suna bukatar a sake saita sansar sitiyari da kwamfuta bayan haka. Idan fitila ta kama, mai mota ya ce ba shi da kuɗin sabuwar sansa, sai a cire ƙwan ko a liƙe shi, kowa ya kama gabansa. Wani lokaci kuma mai motar ne da kansa yake rikita na'urar, ya sa taya mai girma dabam a ƙafa ɗaya saboda ita ya samu da araha, kwamfuta ta ga ƙafa ɗaya kullum tana ƙirge dabam da sauran, ta rasa gane ko santsi ne ko ba santsi ba.

Ranku ya daɗe, duk da wannan yabo da na yi wa na'urar, zan ci amanar sana'ata idan na bar mai karatu da zaton cewa wanda tasa take aiki ya tsira. Na'urar ba ta ƙirƙirar riƙo, tana lallaɓa wanda taya ta samu ne kawai, idan tayar ba ta sami komai ba to babu abin da za ta lallaɓa. Zanen da ke jikin taya magudanan ruwa ne, aikinsu su kwashe ruwan da ke gaban tayar su watsar da shi gefe domin roba ta taɓa kwalta. Idan zanen ya cinye, ko ruwan ya yi zurfi, ko gudun ya yi yawa har magudanan suka kasa kwashewa, sai tayar ta hau kan ruwan kamar kwalekwale. Direba zai ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa, injin ya ɗaga murya, motar tana tafiya inda ta ga dama. A wannan hali birki da sitiyari da kwamfuta duk sun zama 'yan kallo. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya daka birki, har gudu ya ragu tayoyi su sauko ƙasa. Wanda ya murɗe sitiyari yana kan ruwan, da zarar tayar ta kama kwalta motar za ta fizga ta bi inda ya murɗa, kuma irin wannan ne yake jefa mutane cikin daji a hanyar Zariya da ta Abuja, inda ruwa yake kwanciya a sawun da tayoyin manyan motoci suka lotsa.

Saboda haka maganar taya ba ta rabuwa da wannan magana. A cikin zanen kowace taya ta zamani akwai 'yan ƙananan tudu da aka sa a matsayin alama, tsayinsu milimita 1.6, idan fuskar tayar ta zo daidai da su to ta gama aiki, kuma masana taya da yawa suna ba da shawarar a canza tun a milimita 3 idan ana tuƙi cikin ruwa. A gefenta kuma akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 tana nufin mako na 23 a 2019. Hukumarku ta daɗe tana faɗakarwa a kan wannan, kuma tsofaffin tayoyin waje suna cikin kayan da aka hana shigowa da su ƙasar nan, amma kowa ya san su ne suka cika kasuwa domin aljihu ya yi rauni. Tsohuwar taya ko zanenta yana da kyau robarta ta bushe ta yi tauri, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta kamar sabulu take. Akwai kuma al'adar sa sababbin tayoyi biyu a gaba a mayar da tsofaffin baya, alhali manyan kamfanonin taya suna cewa a sa masu kyaun a baya, domin idan gaba ya sulɓe direba yana ji a sitiyari kuma rage gudu yakan gyara, idan baya ne ya sulɓe kuwa motar juyawa take yi. Ga kuma masu faci da suke dura wa ƙaramar mota iska 45 ko 50 da ka, alhali adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba.

Sai gudu. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ba ƙaramar motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, amma direbobi suna ɗaukar waɗannan lambobi kamar alkawari ne da ruwa bai isa ya warware ba. Mai gudun kilomita 100 yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarsa ta isa birki. Nisan da birki yake bukata kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: wanda ya tashi daga 60 zuwa 120 nisan tsayawarsa ya ninka sau huɗu, jiƙaƙƙen titi kuma yana iya sake ninka shi. Haɗarin mota mai ƙarfi shi ne ba ta gaya wa mai ita cewa yana gudu. A 504 idan ka kai 120 duk jikin motar zai sanar da kai, amma Lexus tana 140 yara suna barci a baya, gilashi a rufe, sanyi yana kaɗawa. Har ma akan sami wanda zai sa na'urar riƙe gudu ta kuruz ana tsuga ruwa ya janye ƙafarsa, abin da littafin motar kansa ya hana.

Lokacin da na fi jin tsoro a shekara shi ne ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, fiye ma da malkar Agusta. Tun daga Nuwamba kwalta take tara ƙurar hunturu da baƙin mai da gas da ke ɗiga daga tireloli da tankoki, musamman a hanyar Nnamdi Azikiwe da wajen Mando da Kawo da Command Junction. Yayyafin farko ba ya wanke wannan datti, dama shi yake yi ya zama kamar miyar kuɓewa, kuma yana samun direbobi sun yi wata biyar ba su tuna da santsi ba, waifa ta bushe ta tsage a rana. A cikin malka kowa yana ganin ruwa yana jin tsoro, a yayyafin farko kuwa babu mai rage gudu. Bayan haka akwai jar ƙasar da ruwa yake kwasowa daga titunan unguwa marasa kwalta ya shimfiɗa a bakin manyan tituna, daidai inda mutum yake fitowa ya taka totur domin ya shiga layi.

Akwai wani tsohon karatu da ya kamata a goge daga makarantun koyon tuƙi. An koya mana cewa idan ana santsi a riƙa famfa birki, a taka a saki, kuma daidai ne a motar da ba ta da ABS. A motar da take da shi, wanda Mercedes ta fara sa wa motocinta tun 1978, na'urar ce take yin famfon da kanta sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, aikin direba ya take birki da ƙarfi ya riƙe, ya kuma ci gaba da sarrafa sitiyari. Fedar za ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafa tana ƙara kamar wani abu ya karye, kuma a nan mutane da yawa suke firgita su ɗage ƙafa. Wanda bai taɓa jin wannan rawar ba sai ranar da Keke ya gifta masa, zai saki birki a lokacin da ya fi bukatarsa.

Masu Prado da Land Cruiser da Hilux su ma a gaya musu gaskiya. Turawar ƙafa huɗu tana taimaka wa mota ta tashi, ba ta ƙara mata komai wajen tsayawa, kuma nauyi da tsayi suna sa ta fi saurin kifewa idan ta sulɓe ta daki wani abu ta gefe. Hilux kuwa a tafiyar yau da kullum tayoyin baya ne kaɗai suke turawa, idan bayan babu kaya ya yi sakayau, shi ya sa take saurin watsa baya a kwana. Na ambace su ne domin su ne motocin ayarin manya, kuma direbobin ayari ba su cika rage gudu don ruwa ba.

Roƙona gare ku, ranku ya daɗe, bai wuce abin da yake hannunku ba. Hukumarku, wadda aka kafa tun 1988, ita take tantance makarantun koyon tuƙi, don haka ina roƙon a sa fitilun dashbod da aikin ABS da na'urar hana sulɓewa a cikin abin da dole a koyar kuma a tambaya kafin a ba da lasisi, a kuma nemi kowace makaranta ta kai ɗalibinta fili mai faɗi ya take birki har ya ji rawar fedar da ƙafarsa ko da sau ɗaya ne. Ina roƙon a yi wa shigowar damina irin gangamin da kuke yi wa watannin ƙarshen shekara, a fara tun Maris, da Hausa, a gidajen rediyon garin nan da tashoshin mota, a nuna wa mutane hoton fitilar a gaya musu bambancin ƙiftawa da zama. Jami'inku da ya tsayar da mota yana duba taya da abin kashe gobara, ba zai ɗauke shi daƙiƙa goma ba ya ce wa direba ya kashe mota ya murɗa makulli su kalli dashbod tare, kuma a ganina a fara da nasiha kafin a kai ga tara, domin mafi yawan mutane ba su taɓa jin maganar ba. Idan kuka haɗa hannu da KASTLEA, hukumar jiha mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, a kan wannan, cikin gari ma zai samu.

Ina kuma roƙon ku zauna da mu. Ku kira shugabannin kanikawa da masu wayarin na Panteka da sauran garejin gari, da dillalan motoci, a yi magana a fili cewa liƙe fitilar gargaɗi ko cire ƙwanta domin a sayar da mota ha'inci ne da zai iya cin rai, a kuma san matakin da za a ɗauka a kan mai yi. Da yawa daga cikin yaranmu ba mugunta ce take sa su ba, ba a taɓa gaya musu abin da wayar nan take yi ba ne.

Saura maganar samarin da suke kashe na'urar da gangan domin su yi wasan mota a ayarin ɗaurin aure da kai amarya, suna juya mota a tsakiyar titi taya tana hayaƙi, wani lokaci a kan jiƙaƙƙiyar kwalta saboda ta fi saurin juyawa, ga masu babur da 'yan talla a gefe. Kamu yana da amfani, amma na lura da an kore su a wannan titi sai su koma wancan. Garin da ya san darajar sukuwa har ya ware wa dawaki filin folo a Murtala Square bai kamata ya rasa wani killataccen fili ba inda mai son gwada ƙarfin motarsa zai je a ƙarƙashin kulawarku, da hular kwano da bel, a jiƙa masa ƙasa ya ga da idonsa yadda motar take yi da na'urar a kunne da kuma a kashe. Ɗan ƙanen nawa, da na gyara masa wayar sansa muka sa sababbin tayoyi, irin wannan gwajin na yi masa a wani fili bayan an ɗauke ruwa, ya taka totur kamar yadda ya taka a daren nan, fitilar ta ƙifta, motar ta miƙe abinta, ya daɗe riƙe da sitiyari bai ce komai ba.

Idan kun ga dacewar shirya irin wannan zama kafin ruwan bana ya sauka, ni da wasu abokan sana'ata a shirye muke mu zo da kwamfutocinmu na duba mota, mu duba wa duk wanda ya halarta kyauta, mu fara da motocin sintirinku idan kun amince.

Allah Ya taimake ku a kan aikinku, Ya kai mu damina lafiya.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran wutar mota,
Tudun Wada, Kaduna.